Me Ya Sa Zanen Rahoto Yakan Canja Daga Wannan Kwamfuta Zuwa Waccan?

 A wannan fitowa za mu yi bayani a kan wata matsala da take damun magatakarda, ma'aji, shugabannin zumuntar mata, 'yan kwamitin rumbun hatsi da ma'aikatan ɗakin shan magani a ikilisiyoyinmu na ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan. Ko da kai ba ka taɓa kwamfuta, muna roƙo ka karanta har ƙarshe, domin sunanka da bashin takinka da buhunan da ka biya suna cikinta.

Ga yadda abin yakan faru. A shirya rahoton shekara a wata kwamfuta a Ikara, a duba zanen da ke nuna hatsin da kowane ƙauye ya biya, a ga kome daidai. A sa rahoton a filashi a kai Maƙarfi, a buɗe a wata kwamfuta, sai a ga sandar wani ƙauye ta gajarce, ko sunan wani ƙauye ya ɓace. A kai Hunkuyi kuma, sai a tarar wurin zanen fari fat, ba kome. Daga nan sai gunaguni ya tashi. Wani ya ce ma'aji ya taɓa lissafi, wani ya ce da gangan aka cire ƙauyensu. Idan irin wannan rahoto ya kai hannun masu ba da tallafi, su ma sai su fara shakka, kuma shakkarsu tana iya tsai da taimakon baɗi. Sau da yawa kuwa ba wanda ya ci ko ƙwaya ɗaya. Saitin kwamfutocin ne ya bambanta.

Daga ina zane yake fitowa?

Rumbun bayanai fayil ne da ake zuba sunaye da lambobi a ciki layi-layi, kamar babban littafin ma'aji: sunan mutum, ƙauyensa, ranar da ya karɓa, yawan abin da ya karɓa, ranar da ya biya. Ƙungiyoyi da yawa suna amfani da manhajar Microsoft Access domin wannan aiki, waɗansu kuma suna yi da Excel. Rahoto shi ne taƙaitawar da ake fitarwa daga rumbun domin a karanta wa jama'a. A cikin rahoton akan sa zanen alƙaluma, wato sanduna masu tsawo daban-daban, ko layi mai hawa da sauka, ko da'ira da aka yanyanka kamar faifai.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne wannan: zanen nan ba a ajiye yake cikin fayil kamar hoton da aka ɗauka ba. Abin da ke ajiye shi ne lambobin, tare da umarnin yadda za a zana su. Duk lokacin da aka buɗe rahoto, kwamfutar da aka buɗe shi a ciki ita ce take sake zanawa daga farko, kuma da kayan aikinta take yi: agogonta, yadda aka saita mata kwanan wata, irin manhajar da ke cikinta, samfurin haruffanta, da firintar da aka haɗa ta da ita. Kamar ka ba tela biyu yadi iri ɗaya da awo iri ɗaya ne. Idan tef ɗin awon ɗaya ya miƙe, rigunan ba za su zo daidai ba, ko da yake yadin bai canja ba.

Saboda haka idan zane biyu suka saɓa, tambayoyi biyu za a yi. Lambobin ne suka bambanta, ko kuwa zanawar ce kawai? Bari mu bi dalilan ɗaya bayan ɗaya.

1. Fayil ɗin ba ɗaya ba ne

Da wannan ake fara bincike, domin shi ne mafi sauƙin faruwa. Magatakarda ya kwafi rumbun a filashi ran Litinin, ran Laraba aka ƙara sunayen mutum 15 da suka biya a kwamfutar ofis, ran Lahadi aka nuna wa ikilisiya na filashi. Suna ɗaya fayilolin suke da shi, amma na filashi ya tsufa da kwana biyu na aiki.

Akwai kuma wani salo da ya fi wannan ɓoyuwa. Masu gina rumbun Access sukan raba shi gida biyu, fayil ɗaya na lambobi, ɗaya na rahotanni, sa'an nan su haɗa su da adireshi. Idan adireshin ya ce lambobin suna cikin filashi mai harafin E, amma a ɗaya kwamfutar filashin ya fito da harafin F, rahoton ba zai sami lambobinsa ba. Wani lokaci ma yakan sami wani tsohon kwafi da aka manta a cikin kwamfutar, ya zana daga can ba tare da ya faɗa wa kowa ba.

Yadda za a gane: a duba adadin layukan da ke cikin rumbun a kwamfutoci biyun, a duba jimillar buhuna ko kuɗi, a duba ranar shigarwa ta ƙarshe. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya bambanta, an sami bakin zaren.

2. Agogon kwamfuta

Rahotanni da yawa an gina su ne su nuna "wannan wata" ko "watanni 12 da suka wuce". Kwamfuta ba ta san yau ba sai abin da agogonta ya gaya mata. A cikin yawancin kwamfutoci akwai wani ɗan ƙaramin batir mai kama da kwabo, wanda a kwamfutocin tebur galibi ana kiransa CR2032, shi ne yake riƙe agogo sa'ad da babu wuta. Tsofaffin kwamfutocin da muke saye na hannu sau da yawa batirin nan ya riga ya mutu. Da an ɗauke wuta, agogo sai ya koma wata shekara ta can baya. In aka buɗe rahoto a wannan hali, zai nemi biyan da aka yi a shekarar da ƙungiya ba ta ma kafu ba, sai zane ya fito wayam. Ku dubi kusurwar allo ta ƙasa wajen dama kafin ku buɗe kowane rahoto. Idan kullum sai an gyara agogo, a kai wa mai gyara ya canja batirin, ba shi da tsada.

3. Rana kafin wata, ko wata kafin rana

A Nijeriya muna rubuta rana, sa'an nan wata, sa'an nan shekara, kamar yadda ake yi a Ingila. A Amurka wata suke fara rubutawa. Kwamfutoci da yawa suna zuwa da saitin Amurka, kuma mai sa Windows a shago ba kasafai yake canjawa ba. To, idan aka rubuta 05/11/2024, kwamfuta mai saitin Nijeriya za ta karanta 5 ga Nuwamba, mai saitin Amurka kuwa za ta karanta 11 ga Mayu.

Ku duba abin da wannan yake jawowa a rumbun hatsi. Manomi ya biya bashinsa da kaka, ran 5 ga Nuwamba, amma zane ya nuna biyan a watan Mayu, lokacin da kowa ya san ana shirin shuka ne, ba mai biyan bashi. Sandar Nuwamba ta gajarce, sandunan waɗansu watanni sun tsiro inda bai kamata ba. Abin da yake ƙara rikita mutane shi ne ranakun 1 zuwa 12 na wata ne kaɗai suke iya juyewa haka. Daga 13 zuwa sama babu watan da ke da wannan lamba, don haka Access yakan gane cewa rana ce. Sai ka ga rabin lissafi daidai, rabi ya watse.

Abin lura a nan: kwanan watan da aka riga aka shigar daidai a gurbin kwanan wata ba ya lalacewa don an canja kwamfuta, yadda ake nuna shi ne kawai yake canjawa. Ɓarnar tana shiga ne a lokacin bugawa, ko lokacin da ake ɗebo bayanai daga wani fayil na rubutu zalla, ko kuma idan tun farko an ajiye kwanan wata a gurbin rubutu. Maganin shi ne a shiga wurin da aka rubuta Region a cikin saitin Windows, a sa duk kwamfutocin ƙungiya a kan tsari ɗaya na rana, wata, shekara. A kuma roƙi wanda ya gina rumbun ya sa sunan wata ya riƙa fitowa da haruffa, domin mai bugawa ya ga kuskure nan take.

4. Waƙafi da ɗigo

Mu muna rubuta Naira 12,500 da waƙafi, ma'ana dubu goma sha biyu da ɗari biyar. A Faransa da Jamus, da maƙwabtanmu masu aiki da Faransanci kamar Nijar da Benin, waƙafi shi ne alamar ɓangaren lamba, wato aikin da ɗigo yake yi a wurinmu. Kwamfutar da aka shigo da ita daga waɗannan ƙasashe ba a canja saitinta ba tana iya karanta 12,500 a matsayin 12 da rabi idan aka ɗebo lambar daga fayil na rubutu. Sandar da ya kamata ta yi tsawo sai ta kwanta ƙasa kamar babu. A wuri ɗaya ake gyara wannan da kwanan wata, wato Region. Masu shigar da kuɗi kuma su riƙa buga lamba zalla, 12500, ba waƙafi, ba alamar Naira.

5. Manhajar ba shekararsu ɗaya ba

Access yana da fitowa daban-daban. Har zuwa na 2003, fayilolinsa suna ƙarewa da haruffan mdb. Daga na 2007 aka kawo sabon tsari mai ƙarewa da accdb, wanda na 2003 ba ya iya buɗewa. Tsohon salon zane kuma ya dogara ne da wata ƙaramar manhaja mai suna Microsoft Graph da take zuwa tare da Office. Idan wanda ya sa Office bai sa ta ba, ko ta lalace, rahoto zai buɗe, rubutu zai fito, amma wurin zane zai zama akwati fari. A 2018 kamfanin Microsoft ya kawo sabon salon zane, wanda yake cikin Access 2019 da waɗanda suka biyo baya. Zanen da aka yi da sabon salon ba ya fitowa a tsofaffin fitowa kamar na 2007, 2010 da 2013.

Akwai wata alama da ya kamata kowane magatakarda ya sani. Wani lokaci zane yakan fito da sanduna masu sunayen East, West da North, da lambobi kamar 20.4, 27.4 da 90. Waɗannan ba lambobinku ba ne ko kaɗan. Misali ne da kamfanin ya sa a cikin Microsoft Graph, yakan bayyana idan zane bai ɗauko lambobin rumbu ba tukuna. In kun ga haka kada ku buga. Ku rufe rahoton ku sake buɗewa a yanayin duba kafin bugu. In bai gyaru ba, a kira wanda ya gina rumbun.

Sa'an nan akwai shingen tsaro. Tun daga Office 2007, idan fayil yana ɗauke da ƙananan umarni masu aiki da kansu, wani layi yakan fito a saman allo yana gargaɗi, kuma umarnin ba za su yi aiki ba sai an ba da izini. Daga 2022 kuma Office yana toshe irin waɗannan umarni gaba ɗaya a fayilolin da aka sauko da su daga intanet ko imel. Idan zane ya dogara da su, a kwamfutar da aka ba da izini zai fito, a ɗayar ba zai fito ba. Amma ku yi hankali, kada a ba da izini sai ga fayil ɗin da kuka san wanda ya aiko shi, domin ta wannan ƙofa cutar kwamfuta take shiga.

Ku sani kuma babu Access a wayar hannu. Fayil ɗin Excel yana buɗewa a waya, ko a manhajoji kamar WPS Office da LibreOffice, amma kowace tana zana zanen ne da nata salo. Launi yakan canja, rubutun gefe yakan matsa.

6. Firinta da girman takarda

Mutane da yawa suna mamaki idan aka ce firinta tana da hannu a abin da ake gani a allo. Access yana tsara shafin rahoto ne bisa ga firintar da aka zaɓa a matsayin ta kullum a wannan kwamfuta. Idan babu firinta ko ɗaya da aka sa, rahoto yana iya ƙin buɗewa. Takardar da muke saye a nan ita ce A4, faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Takardar Amurka, wadda ake kira Letter, faɗinta milimita 216, tsawonta 279. Ta fi tamu faɗi da milimita 6, tamu ta fi ta tsawo da 18. Rahoton da aka tsara a kan Letter, in aka buga a A4, gefen dama na zane yana iya yankewa ya faɗa shafi na biyu. In sandar ƙauyenku ce ta ƙarshe, ita za ta tafi. A duba saitin shafi a tabbata A4 aka zaɓa.

Batun launi ma yana nan. Ja da kore da suka bambanta sarai a allo, in aka buga su a firintar baƙi da fari a shagon buga takardu, duka sukan zama toka-toka iri ɗaya. Gara a sa lamba a kan kowace sanda, ko a yi wa ɗaya zane-zane a bar ɗaya haka.

7. Allo da haruffa

Allon tsofaffin kwamfutocin cinya da yawa yana da ɗigo 1366 a kwance da 768 a tsaye, sababbi kuwa da yawa 1920 da 1080. Windows kuma yana ƙara girman rubutu zuwa kashi 125 ko 150 cikin ɗari a waɗansu alluna. Idan wuri ya yi wa zane kaɗan, yakan tsallake sunaye, ya rubuta na farko, ya bar na biyu, ya rubuta na uku. A ce zane yana nuna Paki, Pala, Auchan, Saulawa da Kurmin Kogi. A ƙaramin allo sai a ga sanduna biyar amma sunaye uku. Ba a cire kowa ba. Ku ƙirga sandunan. Gyaran shi ne a faɗaɗa zanen, ko a rage girman rubutun, ko a kwantar da sandunan domin sunaye su sami wuri a gefe.

Samfurin haruffa ma haka. Idan an yi rahoto da samfurin da ɗaya kwamfutar ba ta da shi, za ta musanya da wani, wanda faɗinsa ba ɗaya ba. Mu masu rubutu da Hausa wannan ya fi shafarmu saboda haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro samfuran haruffan Hausa domin kwamfuta, suka taimaka ƙwarai. Sai dai irin samfuran wancan lokaci sai kwamfutar mai karatu tana da su haruffan suke fitowa daidai, in babu sai a ga waɗansu alamomi dabam. Yanzu haruffan nan suna cikin tsarin Unicode na duniya, kuma samfura kamar Arial da Times New Roman na Windows na zamani suna da su. A zaɓi ɗaya daga cikinsu a tsaya a kai. A kuma daidaita rubutun sunaye. Idan wani ya buga Makarfi, wani ya buga Maƙarfi, rumbu zai ɗauke su gari biyu, ya raba sanda ɗaya gida biyu.

8. Ma'aunin gefe

Kowane manomi ya san mudu ba ɗaya ba ne a kowace kasuwa, shi ya sa ake tambaya da wane mudu aka auna. Zane ma yana da mudunsa, wato lambobin da ke jere a gefen hagu. Idan ba a kafe su da hannu ba, manhaja ce take zaɓar inda za su fara, kuma idan lambobin suna kusa da juna takan fara daga sama da sifili. A ce ƙauye ɗaya ya biya buhu 92, ɗaya ya biya 100. In ma'auni ya fara daga sifili, sandunan kusan kansu ɗaya. In ya fara daga 88, sandar farko za ta hau mataki 4, ta biyu mataki 12, sai ido ya ga kamar ƙauye na biyu ya ninka na farko sau uku, alhali bambancin buhu 8 ne. Manhajoji biyu suna iya zaɓar mafari daban a kan lambobi iri ɗaya. A zanen sanduna, a kafe ma'auni ya fara daga sifili kullum.

Ga ma'aikatan lafiya

Waɗanda suke kai rahoton wata-wata na asibiti ga ƙaramar hukuma sun san DHIS2, rumbun bayanan lafiya da Nijeriya take amfani da shi, wanda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway take jagorancin ginawa. Na farkonsa, da aka fara a Afirka ta Kudu a shekarun 1990, a kan Access aka gina shi. Na yanzu a intanet yake, lambobin suna wuri ɗaya, don haka matsalar tsohon kwafi a filashi ta ragu. Duk da haka mutum biyu suna iya ganin zane daban. Ku duba ko wata ɗaya kuka zaɓa, ku duba ko wuri ɗaya kuka zaɓa, domin wani yana kallon asibiti ɗaya ne, wani yana kallon gunduma ko ƙaramar hukuma gaba ɗaya. Lambar da aka shigar yanzu ba ta bayyana a zane sai rumbun ya sabunta lissafinsa, wanda yakan ɗauki sa'o'i. Manhajar shiga intanet kuma takan riƙe tsohon shafi, sai an share abin da ta ajiye sabon yake fitowa.

Yadda za a bi bincike

Kafin a taɓa kome, a kwafi fayil ɗin a ajiye a wuri dabam. Sa'an nan a bi wannan jeri:

a) A tabbata fayil ɗaya ne: yawan layuka, jimilla, da ranar shigarwa ta ƙarshe.
b) A buɗe jadawalin lambobin da zane yake ɗauka, a kwatanta a kwamfutoci biyun. In lambobin sun yi daidai, hankali ya kwanta, matsalar zanawa ce kawai.
c) In sun bambanta, a duba agogo, tsarin kwanan wata, da waƙafi.
d) In zane ya ƙi fitowa sam, a duba shekarar Office da layin gargaɗi a saman allo.
e) In ya fito amma a yanke ko a matse, a duba firinta, girman takarda, girman rubutun allo da samfurin haruffa.
f) A duba inda ma'aunin gefe ya fara.

A riƙa canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, a sake buɗe rahoto a gani. Wanda ya canja abu biyar tare, ko ya gyaru ba zai san wanne ne ya gyara ba, gobe kuma sai a koma gidan jiya. A sami ɗan littafi a rubuta abin da aka gani da abin da aka yi, domin magatakardan da zai gaje ku.

Rigakafi ya fi magani

Hanya mafi sauƙi ita ce a daina yawo da rumbun kansa. A zaɓi kwamfuta ɗaya ta zama uwa, a nan kaɗai ake shigar da bayanai. Idan rahoto ya kammala, mutum biyu su duba shi da littafin ma'aji, sa'an nan a mai da shi PDF. Kamfanin Adobe ne ya fito da wannan tsari a 1993 domin takarda ta fito iri ɗaya a ko'ina, kuma a 2008 ya zama ƙa'idar duniya da kowa yake iya amfani da ita. A cikin PDF an riga an gama zanawa, kwamfutar mai karatu ko wayarsa nunawa kawai take yi. Office na 2010 zuwa sama yana iya fitar da PDF, Windows 10 da 11 kuma suna da wata firinta ta cikin gida mai suna Microsoft Print to PDF. Wannan fayil shi za a tura wa ikilisiyoyi da masu tallafi, shi kuma za a kai shago a buga.

A sa wa kowane fayil kwanan wata a sunansa, shekara da farko, misali Rahoton Hatsi 2024-11-30. A ƙarƙashin kowane zane a sa jadawalin lambobin da jimillarsu, a rubuta ranar da aka fitar da rahoton a ƙasan shafi. Duk ƙarshen mako a kwafi rumbun a filashin da ba a kai shi shagunan buga takardu. Masu shirin sayen kwamfuta kuma su sani cewa Microsoft ya daina ba Windows 10, Office 2016 da Office 2019 gyaran tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Suna nan suna aiki, amma sai an ƙara kula da abin da ake sa musu.

Ga sauran jama'a a wurin taro

Kai da kake zaune a benci ana nuna maka zane, kana da haƙƙin yin tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata. Ka tambayi ranar da aka fitar da rahoton. Ka ce a karanta lambar ƙauyenku da baki, buhu nawa, Naira nawa. Ka dubi gefen zane ka ga ko daga sifili ya fara. In lambar ba ta yi daidai da abin da ka sani ba, a kawo littafin ma'aji da rasit a kwatanta a gaban shaidu. Littafin da aka rubuta da hannu, aka sa hannu ko aka dangwala yatsa, shi ne tushe. Daga cikinsa aka kwashe abin da ke kwamfuta, don haka kada wata ƙungiya ta daina riƙe shi don ta sami na'ura. Kowa kuma ya adana rasit ɗinsa.

In an kwatanta aka ga lambobin littafi da na rumbu sun saɓa, to wannan magana ce ta kwamiti da dattawa, a bi ta yadda ya kamata ba tare da rufa-rufa ba. In kuwa lambobin sun yi daidai, tsawon sanda ne kawai ya bambanta, kada a ɓata sunan ma'aji ko magatakarda a kan saitin na'ura. Yawancinsu aikin sa kai suke yi, kuma wanda aka kira ɓarawo a gaban jama'a ba da sauƙi yake sake karɓar aiki ba.

Muna roƙon kowane kwamiti ya karanta wannan bayani a taronsa na gaba, ya kuma duba agogo, kwanan wata da girman takarda a kwamfutar da yake aiki da ita. Wanda ya bi jerin nan abin bai gyaru ba, ya zo ofis da kwamfutar, da filashin, da littafin ma'aji, mu duba tare. Allah ya ba mu zaman lafiya da amana a tsakaninmu.